Kun Tambaya, Mun Amsa: Tsara Manhajar Waya da Auna Amfaninta

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan wata sun fi karkata ga manhajojin waya, wasu daga matasan da suke son ƙirƙirar tasu, wasu kuma daga waɗanda suka biya kuɗi aka yi musu. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a sashen nazarin kwamfuta, kuma ina so aikina na kammala karatu ya zama manhajar da za ta taimaka wa mahaifiyata, wadda uwar adashe ce ga mata kusan talatin a unguwarmu. A littafi take rubuta zubin kowa, amma lokaci zuwa lokaci ana samun saɓani a kan wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba. Na iya Flutter, wato wani tsarin rubuta manhajojin waya, daidai gwargwado, sai dai ban san ta inda zan fara ba. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka bisa wannan tunani na sauƙaƙa wa mahaifiya. Ka riga ka tsallake ramin da ɗalibai da yawa suke faɗawa, domin ka zo da matsalar da kake gani da idonka a cikin gidanku, alhali wasu sai sun gama ƙera manhaja sannan su shiga neman wanda zai yi amfani da ita. Shawarata ta farko ita ce ka rufe kwamfutar tukuna. Ka nemi izinin Umma ka zauna kusa da ita a ranar zubi, mako uku ko huɗu a jere, da biro da takarda, kana rubuta abin da yake faruwa ba tare da ka sa baki ba.

Idan ka yi haka za ka ga abubuwan da ba za ta faɗa maka ba ko da ka yini kana yi mata tambayoyi, saboda sun zame mata jiki har ba ta ɗauke su abin faɗa ba. Za ka ga cewa sau da yawa yaro ake aikowa da kuɗin, mai zubin tana gida. Za ka ga mai hannu biyu, da mata biyu da suka haɗu a hannu ɗaya, da wadda ta kawo rabi ta ce sai jibi za ta cika, da wadda ta tura ta banki ta aiko da hoton alat ta WhatsApp, da wadda ta roƙi a musanya mata ranar kwasa saboda biki ko suna ya taso mata. Littafin Umma yana ɗaukar duk waɗannan da ɗan rubutu a gefen shafi. Manhajar da ba ta san komai ba sai suna ɗaya da kuɗi ɗaya da rana ɗaya za ta gaza tun a makon farko, Umma ta koma ga littafinta, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Sannan ka sake karanta wasiƙarka. Ka ce a kan wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba ake saɓawa. To ai rubutu bai yi ƙaranci ba, tunda ana rubutawa; abin da babu shi ne shaidar da ɓangarorin biyu suke riƙe da ita. A ganina nan ne ginshiƙin manhajarka: da zarar Umma ta shigar da zubi, saƙon tes ya tafi wayar mai zubin ɗauke da adadin kuɗin da ranar da kuma zubi na nawa ne. Fa'idar wannan tsari ita ce matan talatin ba sa buƙatar sauke komai, ƙaramar waya mai madannai ma ta wadatar da su, mutum ɗaya ce kawai za ta koyi manhajar. Sai dai ka sani cewa tun 2019 Google ya taƙaita bai wa manhajoji izinin tura saƙon tes da kansu, don haka hanya mafi sauƙi ita ce manhajarka ta buɗe wurin rubuta saƙo na wayar da saƙon a shirye, Umma ta danna turawa. Ka lissafa abin da saƙonnin za su ci na kati a wata, ka tambaye ta ko ta yarda da wannan kuɗi, domin shi ma yana cikin tsari.

Tarihin M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya na ƙasar Kenya, yana da darasi a nan. A gwajin da aka yi a garin Thika a 2005, manufar ita ce masu karɓar ƙananan rance su riƙa biyan bashinsu ta waya, amma masu sa ido a kan gwajin suka lura mutane suna amfani da shi wajen tura wa junansu kuɗi. Da kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007, a kan tura kuɗi gida aka gina shi, yana aiki a ƙananan wayoyi ta jerin zaɓin da ke cikin layin waya, ba tare da intanet ba. Da sun nace a kan tunaninsu na farko sun ƙi kallon abin da mutane suke yi, da wataƙila ba mu san sunansa ba a yau.

Bayan zaman lura, ka zana shafukan manhajar a takarda, kowane shafi a falle guda, ka ajiye a gaban Umma ka ce ta nuna maka da yatsa inda za ta taɓa idan wance ta kawo rabin zubi. Duk inda ta tsaya tana tunani, ka yage fallen ka sake zana wani. Gyaran takarda minti biyar ne, gyaran manhajar da aka gama rubutawa kuwa yakan ci mako guda, kuma mai ƙira yakan ji ciwon rushe abin da ya sha wahala a kansa har ya fara kare kuskurensa.

Da ka zo rubuta manhajar, ka sa ta yi dukkan aikinta ba tare da data ba, ta ajiye bayanai a cikin wayar ta amfani da ma'ajiyar bayanai irin su SQLite, sannan ta tura kwafi zuwa ma'ajiyar intanet duk lokacin da aka samu sabis. Mutanen Zamfara ba za su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa na tsawon makonni, haka ma wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Kwafin nan kuma wajibi ne, domin idan aka ƙwace wayar ko ta faɗa ruwa, lissafin mata talatin ya tafi ke nan, wanda ya fi ɓatan littafi muni. Ka gwada komai a wayar Umma, wadda ƙila cike take da hotuna da bidiyo na biki, kada ka dogara da taka. Kamfanin Facebook da kansa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015, mai nauyin da bai kai megabait ɗaya ba a lokacin, saboda masu ƙananan wayoyi da raunin sabis. Maɓallan su zama manya. Ƙa'idar Google ita ce kada wurin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9. Kuma tunda amana ce ake gardama a kanta, kada ka bari a iya goge zubi ya ɓace gaba ɗaya. A iya gyara kuskure, amma tsohon rubutun ya zauna a bayyane tare da ranar da aka gyara shi, kamar yadda ake ja wa kuskure layi a littafi a bar shi a gani.

Abu na ƙarshe, kada ka yi sha'awar sa manhajar ta riƙa karɓar kuɗin matan tana ajiyewa. Riƙe kuɗin jama'a aiki ne da yake buƙatar lasisin Babban Bankin Najeriya, kuma ya fi ƙarfin aikin ɗalibi. Ka tsaya a kan lissafi da shaida.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Bara na biya wasu matasa suka yi mini manhajar da take nuna farashin masara da gero da wake a kasuwanni daban-daban. Ɗaruruwan mutane sun sauke ta, duk wanda na tambaya sai ya ce ta yi kyau, amma har yanzu abokan cinikina kirana suke yi suna tambayar farashi. Ta yaya zan gane ko kuɗina ya yi amfani? Daga wani Alhaji a kasuwar Dawanau, Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Amsar tana cikin tambayarka: muddin suna kiranka, manhajar ba ta ɗauke musu buƙatar da take sa su kira ba. Yawan saukewa ba ya nuna komai face cewa mutane sun ji labari, ko sun ji nauyinka. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da eNaira, wato nairar intanet da ake riƙewa a manhajar waya, a ranar 25 ga Oktoba 2021, mutane da yawa suka buɗe asusu, amma wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar a 2023 ya nuna cewa a kowane mako kusan kashi 98.5 cikin 100 na asusun eNaira da aka buɗe ba wanda yake taɓa su. Ita kuwa kalmar "ta yi kyau", ranka ya daɗe, ka fi ni sanin mutanenmu. Kara da kunya ba za su bar yaronka ko abokin cinikinka ya dube ka ya ce abin da ka kashe wa kuɗi bai yi ba. Saboda haka a wannan aiki hannun mutum ake kallo, a rage sauraron bakinsa.

Ma'aunin da masana suka fi yarda da shi, wanda yake cikin ƙa'idar duniya mai lamba ISO 9241-11, ya tsaya a kan abubuwa uku: ko mutum ya cimma abin da ya zo yi, da irin lokaci da wahalar da abin ya ci masa, da kuma gamsuwarsa. Ga yadda za ka auna su ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Ka samu mutum biyar daga cikin ainihin waɗanda aka yi manhajar dominsu, waɗanda ba su taɓa buɗe ta ba. Jakob Nielsen, wanda ya shahara a wannan fanni, ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan fito da kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja, kuma ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje sau uku ana gyarawa a tsakani da a tara mutum goma sha biyar a zama ɗaya. Idan masu amfani da taka iri biyu ne, misali manoman ƙauye da dillalan birni, kowane rukuni a nema masa nasa mutanen.

Kada kai ka jagoranci zaman, kada kuma matasan da suka ƙera ta su jagoranta. Ka sa wani wanda ba a jin nauyinsa. A yi shi a cikin kasuwa, cikin rana da hayaniya, a wayar mutumin. A ba shi aiki kamar haka: kana da buhun wake ashirin, nemo mini kasuwar da ta fi tsada yau. Daga nan mai jagora ya yi shiru, ya duba agogo, ya rubuta inda mutumin ya tsaya, da inda ya taɓa abin da ba maɓalli ba ne, da inda ya ɗago kai yana neman taimako. Yin shirun nan shi ne mafi wuya. Na taɓa zama a irin wannan gwaji inda mai manhajar ya kasa haƙuri, duk lokacin da mai gwaji ya yi jinkiri sai ya miƙa hannu ya danna masa, muka tashi yana murna cewa kowa ya iya, alhali shi kaɗai ya yi amfani da manhajarsa sau biyar.

Akwai kuma takardar tambayoyi goma da John Brooke ya tsara a 1986, wadda ake kira SUS, tana ba da maki daga 0 zuwa 100, matsakaicin maki kuma yana wajen 68. Tana da amfani wajen kwatanta manhaja kafin gyara da bayan gyara. Amma rabin jimlolinta yabo ne rabi kushe, a jere ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ana karanta wa mutum da baki wannan juyi yakan rikita shi, don haka ni ban cika dogara da ita ita kaɗai ba a wurin waɗanda ba su saba cike takarda ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da nake zargi ya fi damun manhajarka. Abokin gasarta shi ne kiran waya, kuma kira ba ƙaramin abokin gasa ba ne. Jenny Aker ta Jami'ar Tufts ta Amurka ta yi nazarin kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis yake shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa zuwan wayar hannu ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Babu wata manhaja a lokacin, kira ne kawai tsakanin 'yan kasuwa. Wanda ya kira ka yana samun farashin wannan sa'a daga bakin mutumin da ya sani, yana iya tambayar sabon wake ne ko tsoho, fari ne ko ja, da wane mudu ko tiya aka auna, buhun kuma mai kwano nawa ne, tunda ma'auni yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ka buɗe manhajarka ka duba: tana faɗin ranar da sa'ar da aka ɗauki farashin? Tana faɗin ma'aunin da irin hatsin? Akwai wanda aka ɗora wa alhakin sabunta farashin kullum, ana kuma biyansa? Idan mutum ya taɓa ɗaukar kaya bisa tsohon farashi ya yi asarar kuɗin mota, ba zai sake buɗe ta ba, kuma ba zai gaya maka dalili ba.

Ka ce wa matasan su nuna maka alƙaluman da ke shafinsu na Google Play: mutum nawa ne manhajar take cikin wayarsu har yanzu, mutum nawa suka cire ta, kuma sau nawa take mutuwa ana cikin aiki. Google yana ɗaukar abin ya yi muni idan fiye da kashi 1.09 cikin 100 na masu amfani da manhaja a rana suka gamu da irin wannan mutuwa. Sai dai a auna dawowar mutane mako-mako, domin yawancin kasuwannin ƙauye sau ɗaya suke ci a mako, kuma a kwatanta kaka da kaka, kada a kwatanta kaka da bazara. Daga nan a nemi mutum goma da suka daina amfani da ita a tambaye su abin da suka nema a ranar ƙarshe da suka buɗe ta, da abin da suka yi bayan sun rufe.

Tambaya: Muna koyar da manya karatu, kuma ƙungiyarmu tana son yin manhajar lissafin ƙananan sana'o'i ga mata. Da wane harshe ya kamata a yi ta, Faransanci ko Hausa? Daga wata Malama a Maraɗi.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Da Hausa, amma fassara kalmomi kaɗai ba ta isa ba. Babban misali yana cikin kasuwarku: mace tana cewa dala ashirin tana nufin sefa 100, tana cewa jaka guda tana nufin sefa 1,000. Idan manhaja ta tambaye ta kuɗin ciniki ta rubuta 20, wanne take nufi? Dole a yanke shawara a kan wannan tun farko, kuma ina ganin ya fi aminci a nuna hoton kuɗin da take riƙewa a hannu, ta taɓa kowanne sau adadin da ta karɓa, manhajar ta yi jimla.

Indrani Medhi, wadda ta yi aiki a cibiyar bincike ta Microsoft a birnin Bangalore na Indiya tare da mata masu aikatau da ba su yi karatu ba, ta nuna cewa zanen da ya yi kama da abin da aka sani, haɗe da murya mai bayani, ya fi alamomin da masu ilmin kwamfuta suka saba da su saurin fahimta, kuma jerin zaɓi mai rassa cikin rassa yana ɓatar da mutane. Wannan ya dace da abin da muke gani a nan, inda saƙon murya na WhatsApp ya zama wasiƙar waɗanda ba sa rubutu. Ku naɗi muryar mace mai Hausar yankinku, a sa ta a kowane shafi.

Wajen rubutu kuma, ku tabbata haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna fitowa daidai a wayoyin da matan suke riƙewa, kuma wurin bincike ya gane cewa wadda ta rubuta "kuli" tana neman "ƙuli" ne, tunda mutane da yawa ba sa sa ƙugiya a waya. Idan manhajar za ta tsallaka iyaka, ku tuna Nijar tana rubuta ƴ inda Najeriya take rubuta 'y. Ku kuma tambayi matan ko akwai masu karanta ajami a cikinsu kafin ku ɗauka cewa duk wadda ba ta iya boko ba ba ta iya karatu ba.

Tambaya: Na sauke wata manhajar tocila sai ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayata. Wannan daidai ne? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ba daidai ba ne, 'yar'uwa, ki cire ta. Ƙa'idar ita ce kowane izini ya kasance yana da alaƙa da aikin manhajar: ta taswira tana buƙatar sanin inda kike, ta kira tana buƙatar lambobi, tocila kuwa fitilar waya kaɗai take buƙata, kuma yawancin wayoyin yanzu da tasu suke zuwa. An ga illar sakaci da wannan a wajen wasu manhajojin ba da rance, waɗanda suka riƙa kwashe lambobin mutane suna aika wa dangi da abokan aiki saƙonnin tozarci idan an yi jinkirin biya, har Google ya hana irinsu ganin lambobi da hotuna daga ƙarshen watan Mayu na 2023. A shekarar ce kuma Najeriya ta kafa dokarta ta kare bayanan jama'a, Ghana kuwa tana da tata tun 2012.

Tun daga Android 6 na 2015, kina da ikon hana kowane izini ko janye shi bayan kin bayar. Ki shiga saitin wayarki, ki buɗe jerin manhajoji, ki duba izinin kowacce, musamman na lambobi da saƙonni da makirfo da kyamara. A shafin kowace manhaja a Google Play akwai sashen da yake bayanin irin bayanan da take tattarawa, amma ki sani mai manhajar ne yake cike shi da kansa, don haka ki haɗa da karanta ƙorafin waɗanda suka ba ta tauraro ɗaya ko biyu kafin ki sauke.